Abubuwan da ke Jawo Mutuwar Jarirai da Ƙananan Yara a Najeriya

Mutuwar ƙananan yara, a ma'aunin masana kiwon lafiya, ita ce rasuwar yaro kafin ya cika shekara 5, kuma ana lissafa ta ne a kan kowane yara 1,000 da aka haifa da rai. A cikinta ana ware ta jinjiri, wato wanda ya rasu a kwana 28 na farko, da ta jaririn da bai kai ga shekara guda ba, sannan ta yaron da ya shekara amma bai kai 5 ba. Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi tsanani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 yara 858,000 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka rasu a ƙasar, adadin da ya zarce na Indiya, alhali jama'ar Indiya sun ninka na Najeriya kusan sau bakwai.

Likitoci kan bambanta cutar da ta yi ajalin yaro da abin da ya share wa cutar hanya. Cututtukan sanannu ne kuma ba su da yawa: zazzaɓin cizon sauro, nimoniya, gudawa, ƙyanda, da matsalolin haihuwa. Akasarinsu suna da rigakafi ko magani mai araha. Abin da ke sa yaro ɗaya ya tashi ɗaya ya tafi, alhali ciwonsu iri ɗaya, yana komawa ne ga uwarsa, da gidan da aka haife shi, da abin da yake ci, da nisan da ke tsakaninsa da ma'aikacin lafiya.

Alƙaluma

Babban ma'auni shi ne binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa kusan duk bayan shekara 5. A binciken 2003, yara 201 cikin 1,000 ne ba sa kaiwa shekara 5. Adadin ya sauko zuwa 157 a 2008, zuwa 128 a 2013, ya ɗan koma 132 a 2018, sannan ya sauka zuwa 110 a binciken 2023 zuwa 2024. An samu ci gaba. To amma mutuwar jinjirai ta ƙi motsi: 40 a 2008, 37 a 2013, 39 a 2018, 41 a na baya-bayan nan. Burin da ƙasashen duniya suka sanya wa kansu kafin 2030 shi ne 25 ga 'yan ƙasa da shekara 5, 12 kuma ga jinjirai.

Adadin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye gagarumin bambanci. A binciken 2018, shiyyar Arewa maso Yamma tana da 187, Kudu maso Yamma 62. Jihar Kebbi tana da 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu, Ogun kuwa 30. Karkara 157, birni 92. Gidajen da suka fi talauci 173, waɗanda suka fi wadata 53.

Uwa: karatunta, shekarunta da tazarar haihuwa

A cikin abubuwan da aka auna, kaɗan ne suka kai karatun uwa tasiri. 'Ya'yan matan da ba su shiga makarantar boko ba suna rasuwa 170 cikin 1,000, na waɗanda suka wuce sakandare 56. Wani ɓangare na wannan tazara talauci ne, tunda rashin karatu da rashin abin hannu sukan tafi tare. Sauran kuwa na karatun ne kansa. Macen da ta yi makaranta ta fi jinkirta haihuwar fari, tana iya duba katin rigakafi ta san ranar komawa, tana gane awon maganin da aka rubuta mata, kuma ta fi samun bakin cewa a tashi a tafi asibiti yanzu.

Shekarun uwa ma suna da nasu. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba ta fi fuskantar doguwar naƙuda, da jijjigar masu ciki, da haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi. A Arewa maso Yamma, kashi 29 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da cikin fari a 2018. Haɗarin yana sake tashi ga macen da ta doshi 40 bayan haihuwa da yawa.

Sai kwanika. Yaron da aka haifa kafin na gabansa ya cika shekara 2 ya ninka haɗarin wanda aka ba tazarar shekara 4 ko fiye. Cutarwar takan shafi yara biyu a lokaci guda: na ciki yana girma a jikin da bai mayar da jininsa ba, na goye kuma a yaye shi ba shiri, sau da yawa rana ɗaya, saboda imanin da ya yaɗu cewa nonon mai ciki yana sa yaro zawo. Ba nonon ke cutar da shi ba, cire shi daga nonon zuwa koko tsurarsa ne ke kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, abin da ya yi daidai da shayarwar shekara biyu da al'ummar Musulmi suka riga suka sani.

Haihuwa da watan farko

Nan ne aka fi barin aiki a baya. Abu uku ne ke kashe mafi yawan jinjirai: zuwa duniya kafin lokaci, rashin yin numfashi a lokacin haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Mafi yawansu a makon farko suke tafiya, da yawa a ranar farko, tun ba a raɗa musu suna ba, kuma ba a rubuta su a ko'ina.

A 2018, kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne aka yi a asibiti a faɗin ƙasar, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. A ƙauyuka da dama mace takan yi naƙudarta ita kaɗai a ɗaka, saboda kunya da dauriyar da ake yabon mace da su, sai ta sauka a kira ungozoma ta yanke cibiya ta yi wanka. Idan jaririn ya faɗo bai yi kuka ba, minti na farko shi ne komai: a tsane shi, a murza bayansa, in bai motsa ba a hura masa iska da 'yar jakar roba mai marfin fuska. Kayan ba su da tsada. Abin da babu shi ne wanda ya iya, a tsaye a wurin, a wannan mintin.

Cibiya ƙofa ce a buɗe. Reza da aka taɓa amfani da ita, zaren da ba a dafa ba, toka, man goge baki, gashi da tsumma, duk suna iya kai cuta cikin jini ko su jawo tetanus, wanda ke sa jinjiri ya kasa kama nono jikinsa ya sandare. Abin da ma'aikatar lafiya ta amince a shafa shi ne man kulohekzidin, a cibiya kaɗai, ba a ido ba. Allurar tetanus da ake yi wa uwa a wurin awon ciki ita ke kare jinjirin. Cire belu da wanzami kan yi a makon farko yana da haɗarin zubar jini da shigar cuta, kuma likitoci ba su ga wani amfani a cikinsa ba.

Sanyi ma yana kisa, har a ƙasa mai zafi. Jinjiri, balle bakwaini, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, shi ya sa ake son a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su tare. Dakashi, wanda a wasu gidaje ake matsewa a zubar da sunan ƙazanta, shi ne kariyar farko da yaro ke samu. Shawara kuma, idan idon jinjiri da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ba ta jiran jiƙo. Tana iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki.

Tamowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mace-macen 'yan ƙasa da shekara 5 da ƙarancin abinci mai gina jiki. Tamowa ba kasafai ake rubuta ta a matsayin sanadi ba, amma ita ke mayar da gudawar kwana uku ta zama ajali. A 2018, kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ake shayarwa da nono zalla. Akasari ana ɗura musu ruwa don tausayin zafin rana, alhali nonon ya ishe su ruwa, ruwan randar kuma shi ke shigo da gudawa.

Abin takaicin shi ne yankin da ke noma wake, gyaɗa, waken suya da zogale, yake kiwon kaji da awaki, shi ne yaransa suka fi ramewa. Ƙwai da wake na kasuwa ne, yaro kuwa koko da tuwo. Lokacin da ya fi muni shi ne tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'adda rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. A cibiyoyin tamowa ana auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari, sai a ɗora shi a kan haɗin gyaɗa da madara da ake bayarwa a ƙunshi.

Cututtuka da rigakafi

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kimanin kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa da shi, mafi yawansu ƙananan yara. A jihohin Arewa ana bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata, kuma a Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa. An shigar da rigakafin nimoniya cikin jadawalin ƙasa daga ƙarshen 2014, na gudawar rota a 2022.

Samar da allura daban, kaiwa ga yaro daban. A 2018, kashi 31 cikin 100 na yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka kammala muhimman alluransu. A Sakkwato kashi 5, a Anambra 76. Rashin yarda yana da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da aka riƙa ambata sa'adda aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Sarakuna da malamai sun taka rawa wajen dawo da amana, har aka tabbatar da kawar da nau'in cutar na asali, wanda ake kira na daji, a 2020. Amma giɓin sauran alluran ya ci gaba, kuma ɓarkewar mashaƙo da ta faro a Kano a ƙarshen 2022 ta fi cin yaran da ba a yi wa allura ba.

Sikila tana da nata kaso. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya, kuma tana cikin dalilan da ke sa mace ɗaya ta yi ta binne 'ya'ya har a ce wabi take yi. Gwajin jini kafin aure ne maganin abin tun daga tushe.

Jinkirin neman magani

Yawancin yaran da ke rasuwa sun yi kwanaki suna ciwo. Zazzaɓi da zawo a ce haƙori ne. Maɗiga ta faɗa, alamar ruwan jiki ya ƙare, sai a shafa mata haɗi maimakon a ba yaro ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Numfashi ya yi sauri, ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, a ce mura ce. Jijjiga ta zo, a ɗauka iska ce a turara hayaƙi, alhali sau da yawa zazzaɓi ne ya hau kai. Daga nan sai kemis, a sayi rabin magani gwargwadon kuɗin hannu. Maigida yana gona ko ya tafi cirani, uwa ba ta da izinin fita ko kuɗin babur. Ranar da aka isa asibiti, yaron ya yi fari fat yana buƙatar jini, ko iskar oksijin da babu ita a ƙaramin asibitin, sai a sake tura su gaba.

Ɗora laifin duka a kan iyaye zalunci ne. Wanda ya taɓa zuwa ɗakin shan magani ya tarar da shi a kulle, ko aka rubuta masa abin da ba zai iya saya ba, yana da dalilin fara tsayawa a kemis. Maganin kasuwa kuma ba kullum yake da aminci ba: a tsakanin 2008 da 2009, maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya kashe yara 84.

Muhalli da rashin tsaro

Ruwan sha maras tsabta da bahaya a fili su ne tushen gudawa. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, a 2022. Hayaƙin itace da jariri ke shaƙa a bayan uwarsa a madafa yana raunana huhunsa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, yara suna rarrafe a kan ƙurar. Rikicin Boko Haram tun 2009, da na 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato, sun rufe asibitoci, sun hana noma, sun tare hanyar masu rigakafi.

Matakan hukuma

Jamhuriyar Nijar, wadda ta fi Najeriya talauci kuma take da yanayi da al'adu irin na Arewa, ta rage mutuwar 'yan ƙasa da shekara 5 daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ta yi hakan ne da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, da maganin kyauta ga ƙananan yara daga 2006, da rabon gidan sauro da sinadarin bitamin A, da cibiyoyin tamowa. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ba fannin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.