Harajin dukiya da ƙaurar attajirai

Harajin dukiya haraji ne da ake biya duk shekara a kan abin da mutum ya mallaka bayan an cire bashin da ake bin sa: gidaje, filaye, kuɗin ajiya a banki da hannun jari. Ya fi kama da zakkar dukiya a yadda ake lissafa shi, domin a kan abin da ke hannu yake hawa, ko dukiyar ta kawo riba a shekarar ko ba ta kawo ba. A 1990 ƙasashe 12 na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, ke karɓar sa. Zuwa 2017 saura huɗu, wato Faransa da Norwe da Sifaniya da Suwizalan. Jamus ta daina karɓa a 1997, Suwidin ta soke nata a 2007, Faransa kuma ta taƙaita nata ga gidaje da filaye a 2018. Hujjar da aka fi kafawa wajen sokewa ita ce harajin yana korar masu kuɗi. Bincike ya nuna ƙaurar gaskiya ce, amma yawanta bai kai yadda ake kururutawa ba, kuma ya danganta da yadda aka tsara dokar.

Abin da ya faru a Norwe

Gwamnatin Firaminista Jonas Gahr Støre ta ɗaga harajin daga kashi 0.85 cikin 100 a 2021 zuwa kashi 1 a 2023, da kashi 1.1 ga dukiyar da ta haura kurona (kuɗin Norwe) miliyan 20. Wanda ya duba wannan kawai zai ce ƙarin bai taka kara ya karya ba. Nauyin yana wasu wurare biyu ne. Rangwamen da ake yi wajen ƙiyasta darajar hannun jari ya sauka daga kashi 45 zuwa kashi 20, sannan harajin ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari ya tashi daga kashi 31.68 zuwa 37.84.

A ɗauki mai kamfani da hannun jarinsa ya kai kurona miliyan 100, ba shi da wata kadara, ba shi da bashi. A 2021 za a ƙiyasta dukiyarsa a kan miliyan 55, a cire miliyan 1.5 da ba a taɓawa, harajinsa ya kama kusan 455,000. Tun da kuɗin suna cikin kamfani, sai ya ciro riba ya biya, ita ma ribar akwai haraji a kanta, don haka abin da zai fita daga kamfanin ya kai kusan 666,000. A 2023 ƙiyasin ya koma miliyan 80, harajin 843,000, abin da zai ciro kuwa kusan miliyan 1.36. Nauyin ya ninka ke nan cikin shekara biyu. Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne mai sabon kamfani da darajarsa ta tashi a kasuwa alhali bai fara samun riba ba: ko ya sayar da wani ɓangare, ko ya ci bashi.

A watan Satumba na 2022 Kjell Inge Røkke, babban mai hannun jari a kamfanin Aker, ya sanar da komawarsa Lugano a Suwizalan. Jaridar kasuwanci ta Dagens Næringsliv ta ƙidaya manyan attajirai fiye da 30 da suka bar ƙasar a wannan shekara, adadin da ya zarce na shekaru 13 da suka gabata a haɗe. Yawansu ƙalilan ne idan aka kwatanta da dubban ɗaruruwan da ke biyan harajin, sai dai suna cikin waɗanda suka fi kowa biya.

Barin ƙasar ba sayen tikitin jirgi ba ne kawai. Wanda ya zauna a Norwe shekara goma ko fiye yana nan a matsayin mazauni a idon hukumar haraji har shekara uku bayan tafiyarsa, kuma a kowace shekara kada ya wuce kwana 61 a ƙasar, kada ya riƙe gidan zama. Yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe biyu takan sassauta wannan. Babbar kafar da ta kasance a buɗe ita ce dokar shekara biyar: harajin ribar hannun jarin da ba a sayar ba yana faɗuwa in mutum ya cika shekara biyar a waje. An toshe ta ranar 29 ga Nuwamba 2022, daga baya kuma aka wajabta biya cikin shekara 12. Saboda haka ba duk ƙaurar 2022 za a ɗora wa harajin dukiya ba. Wasunsu, ribar da suka tara shekara da shekaru suke son fitarwa kafin a rufe ƙofa.

Abin da masu bincike suka gano

Aikin da ya fi ƙarfi a kan ƙaura tsakanin ƙasashe shi ne na Katrine Jakobsen da Henrik Kleven da abokan aikinsu, waɗanda suka bi bayanan haraji na Suwidin da Denmak kafin sokewa da bayanta. Sun gano cewa ƙara maki ɗaya cikin 100 a harajin yana rage yawan attajirai a ƙasa da kusan kashi 2 a tsawon lokaci, kuma tasirin hakan a kan ayyukan yi da zuba jari a ƙasa baki ɗaya bai kai ko rabin kashi ɗaya ba. Dalilin a fili yake: masana'anta da ma'aikata da abokan ciniki ba sa bin mai kamfani zuwa sabon gidansa.

A cikin ƙasa ɗaya labarin daban ne, domin canza adireshi ba shi da tsada. Da Sifaniya ta dawo da harajin a 2011, yankin Madrid ya yafe shi gaba ɗaya, kuma cikin shekara biyar yawan attajiran da ke da rajista a can ya ƙaru da kusan kashi 10. Wannan ne ya sa gwamnatin tsakiya ta ƙirƙiro wani haraji a ƙarshen 2022 a kan dukiyar da ta haura yuro miliyan 3, daga kashi 1.7 zuwa 3.5, wanda yanki ba zai iya yafewa ba. A Norwe ma ƙaramar hukumar Bø ta rage kason da take karɓa na harajin daga kashi 0.7 zuwa 0.2 a 2021, ta jawo wasu masu kuɗi, ciki har da tsohon zakaran gudun ƙanƙara Bjørn Dæhlie, wanda daga baya shi ma ya wuce Suwizalan.

Binciken Marius Brülhart da abokan aikinsa a jihohin Suwizalan ya fito da abin da ake yawan mantawa. Rage maki ɗaya a harajin ya ƙara dukiyar da mutane ke bayyanawa da aƙalla kashi 43 bayan shekara shida, amma da suka duba jihohin Lucerne da Bern, ƙaura ta kawo kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na ƙarin. Wani kaso ya fito daga tashin farashin gidaje, sauran kuma galibi daga mutanen da suke zaune inda suke amma suka daina ɓoye abin da suke da shi. A Suwizalan bankuna ba sa aika wa hukuma bayanan asusun mazauna ƙasar kai tsaye. A Norwe da Denmak suna aikawa, shi ya sa ɓoyewar ta fi wuya a can.

Inda alƙaluma ke ruɗar mutane

Jaridu sun fi ƙirga masu fita, ba kasafai suke ƙirga masu dawowa ba. Ingvar Kamprad, wanda ya kafa IKEA, ya bar Suwidin a 1973, ya yi shekaru da yawa a Suwizalan, ya koma gida a 2014. Haka kuma gyare-gyaren haraji sukan zo da yawa a lokaci guda, kamar na Norwe, har ya yi wuya a ware tasirin kowanne. Amurka kuwa tana karɓar haraji daga ɗan ƙasarta duk inda yake zaune, kuma akwai harajin fita ga mai dukiya da ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa, don haka alƙaluman Turai ba sa aiki a kanta kai tsaye.