Kangon Borley: Gidan da aka ce babu kamarsa wajen fatalwa a Ingila

Wane gida ne wannan?

Gidan limamin coci ne a ƙauyen Borley da ke yankin Essex. Rabaran Henry Bull ya gina shi da jan bulo a 1862, mai ɗakuna 32. Ya ƙone a Fabrairun 1939, sabon mai gidan kuma ya ce fitilar aci-bal-bal ce ta kife masa. Aka rushe kangon a 1944.

Me ake cewa ana gani?

Wata mace mai zaman zuhudu tana yawo a lambu da magariba. 'Ya'yan Bull mata huɗu sun ce sun gan ta ranar 28 ga Yuli, 1900. Wai ta yi yunƙurin guduwa da wani ɗan zuhudu, aka kashe shi, ita kuma aka gine ta cikin bango da ranta. Akwai kuma keken doki da direbobi marasa kai, da ƙararrawar kiran barori mai kaɗa kanta, da rubutu a bango.

Labarin matar yana da tushe?

Ba shi da shi. Babu wata takardar tarihi da ta nuna an taɓa yin gidan zuhudu a wurin.

To ta yaya sunan gidan ya bazu?

Jarida ce. A 1929 Daily Mirror ta kai Harry Price, mai farautar fatalwa, kuma zuwansa ke da wuya aka fara jifa da tsakuwa a cikin gidan. A 1937 ya kama hayarsa na shekara guda, ya tara 'yan sa-ido 48, yawancinsu ba su da horon komai. Nan aikin ya lalace: wanda aka faɗa wa tun kafin ya shiga abin da zai gani, ya kwana a duhu cikin sanyi, ko motsin ɓera zai rubuta shi a matsayin fatalwa. Ga gida babu lantarki, katako na ƙara, wayoyin ƙararrawa kuma suna bi ta inda ɓeraye ke wucewa.

An kama wani da hannu a ciki?

Wani ɗan jarida ya ce ya tarar da tsakuwa a aljihun Price. Marianne, matar limamin da ya zauna a gidan daga 1930 zuwa 1935, ta amsa daga baya cewa tana soyayya da ɗan hayarsu, tana fakewa da fatalwa. A 1956 masu bincike uku na ƙungiyar nazarin irin waɗannan al'amura ta Landan suka bi takardun Price, suka ce ya ƙirƙiri wasu abubuwan da hannunsa. Lokacin ya shekara takwas da mutuwa.