Eric Davidson da binciken bushiyar teku

Eric Harris Davidson (13 ga Afrilu 1937 zuwa 1 ga Satumba 2015) masanin kimiyyar halittu ne ɗan Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana bin tambaya guda: yaya ƙwai ɗaya ke zama jiki mai baki da hanji da ƙashi, alhali duk ƙwayoyin jikin DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, wato sinadarin da bayanan gado ke rubuce a cikinsa? Amsarsa ita ce bambancin yana wajen umarni, wato wace ƙwayar gado aka kunna, wacce aka kashe, a ina, kuma yaushe.

An haife shi a birnin New York, mahaifinsa mai zane ne. Ya yi digirin farko a Jami'ar Pennsylvania a 1958, ya kammala digirin digirgir a Rockefeller a 1963 a hannun Alfred Mirsky. A 1971 ya koma jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, can ya zauna har rasuwarsa.

Dabbar da ya zaɓa ba wadda ɗan Zariya zai ci karo da ita ba ce, don babu ita a kogin Galma ko Kubanni, sai ruwan gishiri. Ɗalibin Samaru yakan san ta ne a hoton littafi. Dunƙulalliya ce kamar lemo, ƙaya ta rufe ta ko'ina, shi ya sa ake ce mata bushiyar teku, duk da ba ta haɗa dangi da bushiyar dawa ba. Irin da Davidson ya yi aiki da ita shunayya ce, Strongylocentrotus purpuratus, ta gaɓar yammacin Amurka. Idan aka yi wa macen allurar wani gishiri sai ta zubo ƙwai miliyoyi. A haɗa su da maniyyin namijin a kofin ruwan teku, su fara rabuwa lokaci ɗaya, garau kamar gilashi, mai bincike yana kallon komai ta madubin ƙara girma. A rabuwa ta huɗu ƙwayoyin sun kai 16, huɗu daga ciki ƙanana a gindi, kuma daga zuriyarsu ƙashin tsutsar da ɗan tayin zai zama zai fito.

A 1969 shi da Roy Britten suka fitar da maƙala a mujallar Science, suka ce dole akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu ba da umarni ne ga wasu, a jere. A lokacin hasashe ne kawai, kayan aikin gwada shi ba su samu ba. Sai da aka kwashe kusan shekara 30. A 1998 ɗakin bincikensa ya warware makunnin ƙwayar gado ɗaya mai suna endo16, wadda ke aiki a hanjin ɗan tayi: guntun DNA mai harufa kusan 2,300, kashi-kashi, wani yana kunnawa, wani yana ƙara ƙarfi, wani yana hanawa a inda bai dace ba. A 2002 suka zana taswirar umarnin ƙwayoyin gado kimanin 40, kowace da kibiya zuwa wadda take juyawa. Taswirar ta yi kama da sarauta, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, sai dai a nan na ƙasa yakan mayar wa na sama umarni, ya kulle shi a kan matsayinsa.

Mafi daɗin bayani a taswirar shi ne yadda ƙananan ƙwayoyin nan huɗu ke samun izinin yin ƙashi. Wata ƙwayar gado, hesC, tana tsaye kamar mai gadi a ko'ina cikin ɗan tayin, ta hana ƙwayoyin gadon ƙashi motsi. A cikin huɗun nan kaɗai wata mai suna pmar1 ke tashi ta danne mai gadin, sai ƙofa ta buɗe. Da masu bincike suka sa pmar1 ta yi aiki a duk jikin, sai kusan duk ƙwayoyin suka ɗauki halin masu yin ƙashi.

Yana cikin waɗanda suka matsa aka karance DNA ɗin dabbar kaf. An buga sakamakon a 2006: harufa kusan miliyan 814, ƙwayoyin gado kimanin 23,300, adadin da bai yi nisa da na ɗan Adam ba. A shekarar kuma shi da Douglas Erwin suka kawo hujjar cewa wasu sassan taswirar sun daɗe ƙwarai ba su sauya ba, domin taɓa su na rushe ginin jiki gaba ɗaya. A 2011 ya karɓi Lambar Yabo ta Duniya kan Ilimin Halittu a Japan.

Mutum ne mai kaifin harshe a muhawara, ba ya raga wa bayanin da bai nuna sanadi ba. Baya ga aikin bincike kuwa makaɗin banjo ne, wata garayar Amurkawa, kuma tun yana matashi yake shiga ƙauyukan tsaunukan Apalaciya yana naɗar waƙoƙin tsofaffi.