Waiwaye: Yadda ƙirga kofuna ya zama mudun awon 'yan wasan tanis

A yau da zarar an ta da gardamar wane ne gwanin gwanaye a tanis, sai a ɗauko lissafi: Novak Djokovic yana da manyan kofuna 24, Rafael Nadal 22, Roger Federer 20. Ana nufin gasanni huɗu na Grand Slam, wato na Ostareliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Sai dai wannan mudun bai daɗe a kasuwa ba, kuma a ganina auna mutanen da da shi rashin adalci ne.

Kafin 1968, duk wanda ya mai da tanis sana'ar neman kuɗi ba a barinsa ya shiga waɗannan gasanni. Pancho Gonzales ya ci gasar Amurka a 1948 da 1949, ya koma wasan kuɗi, ya shafe shekaru yana lallasa kusan duk wanda aka kawo masa, amma a rubuce kofi biyu kacal gare shi. Na Rod Laver ya fi ban takaici. Ya haɗa kofuna huɗun duka a 1962, aka rufe masa ƙofa shekara biyar, da aka buɗe ya sake haɗa su a 1969. Ya ƙare da 11. Roy Emerson kuwa ya tara 12, goma daga ciki a shekarun da Laver ba ya nan.

Ko bayan an buɗe ƙofar, manyan 'yan wasa ba su damu da ƙirgar ba. Björn Borg, mai kofi 11, sau ɗaya tak ya buga gasar Ostareliya, don tafiyar da nisa kuma ladan bai taka kara ya karya ba. A 1973 ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan tanis maza, wato ATP, ta ɓullo da jadawalin maki na kwamfuta, Ilie Năstase ya fara hawa samansa. Shi ma jadawalin yana da nasa giɓin, domin Marcelo Ríos ya zama na ɗaya a 1998 ba tare da ya taɓa cin babban kofi ba.

Farautar da Pete Sampras ya yi wa tarihin Emerson ce ta sa ƙirgar ta samu gindin zama. Ya wuce shi a Wimbledon a 2000, ya ajiye wasa da 14. A ɓangaren mata har yanzu ana kai ruwa rana: Margaret Court tana da 24, Serena Williams 23, amma 11 daga na Court a Ostareliya ta ci su, yawancinsu a zamanin da zaratan Turai da Amurka ba su cika zuwa can ba.