Waiwaye: yadda sarar bishiya a gefen wayar wuta ta koma ilimi

Wai ka san akwai mutanen da sana'arsu kaf ita ce bishiyar da ke kusa da wayar lantarki? Har jarrabawa suke zanawa a kai a ba su satifiket. To da can ba haka abin yake ba fa.

Lokacin da aka fara jan wayoyin tarho da na wuta dabarar guda ce, a samo ƙato mai gatari da zarto ya hau ya gille kan bishiya, shi ke nan a biya shi. A Amurka kamfanin Davey ya shiga aikin share layin wuta a 1921, a 1928 aka kafa Asplundh don wannan aikin takanas, a 1924 kuma masana bishiya suka yi wani taro a Connecticut wanda shi ne daga baya ya zama ISA, ƙungiyar masana bishiya ta duniya. Amma masu hawan dai a bakin aiki suke koya, abin da oga ya yi shi yaro zai yi.

Matsalar gille kai kuwa, bishiya ba ta haƙura. Sai ta tofo da rassa rututu, dogaye marasa ƙwari, kuma sama suke nufa wajen wayar, wurin saran ya ruɓe, bayan 'yan shekaru ka dawo ka tarar aikin ya fi na da yawa. Alex Shigo, wani mai bincike a hukumar gandun dajin Amurka, shi ya tsattsage dubban bishiyoyi daga sama har ƙasa yana duba cikinsu, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa kamar jikin mutum, killace raunin take yi ta kewaye shi. Saboda haka in za ka cire reshe ka yanke shi daidai wuyansa, kar ka bar dungu kar kuma ka shafe har jikin uwar. A 1990 ya fitar da ɗan littafi na masu aikin layin wuta, daga nan salon nan ya bazu na cire rassan da suka doshi waya a bar waɗanda suka kauce mata. Gaskiya bishiyar muni take yi, kamar an yi mata giɓi, amma ta fi lafiya.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Pennsylvania. A 1953 mafarauta sun damu ko feshin maganin da ake yi a ƙarƙashin manyan layuka zai cutar da namun daji, sai masu bincike William Bramble da William Byrnes suka fara gwaji a wani fili, kuma har yau ana kai, sama da shekara 70 kenan. Abin da aka gano, in ka share ƙasa tas bishiya ce ke fara dawowa, in ka bar ciyawa da gajerun tsirrai su ne ke tare mata wuri. Daga nan aka samo tsarin raba fili biyu, ƙarƙashin waya ciyawa, gefe kuma ƙananan itatuwa.

Duk da haka kamfanoni in kuɗi ya yi wuya kasafin bishiya suke fara yankewa, sai da 2003 ta zo. Ranar 14 ga Agusta wayoyi a Ohio suka ɗau lodi suka yi zafi suka saki, suka sauko kan bishiyoyin da ba a rage ba, wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada. Ranar 28 ga Satumba kuma wuta ta tsallaka daga wani layi zuwa bishiya a Suwizalan, kusan Italiya gaba ɗaya ta shiga duhu. Ka lura ba sai waya ta taɓa ba, in ƙarfinta ya kai kusanci ma ya isa. Amurka ta yi doka a 2005, zuwa 2007 ƙa'idar kula da bishiya a manyan layuka ta zama dole, a lokacin tara na iya kai dala miliyan 1 a rana.

Yanzu an koma auna tazarar bishiya da waya da hasken leza daga jirgi, da hoton tauraron ɗan adam. Sai dai gobarar Dixie ta 2021 a Kalifoniya bishiya ce ta faɗa kan waya, irin wannan ne ya sa horon ya karkata ga gane ruɓaɓɓiyar bishiya tun tana tsaye, ko da tana can gefe wajen filin da aka share.