Me ake nufi da "rajista ba lasisi" ga likitan da ya yi ritaya?

Mutane da yawa in suka ji an ce likita wane ya yi ritaya sai su ɗauka ai wurin aiki kawai ya bari, har gobe zai iya duba mara lafiya ya rubuta masa magani tunda ilimin na nan a kansa. To ba lallai ba ne fa. Abu biyu ake cakuɗawa a nan, rajista da lasisi.

Rajista ita ce sunan mutum ya kasance cikin kundin hukumar likitoci, wato shaida ce ya yi karatun kuma ba a soke shi ba. Lasisi kuwa shi ne izinin yin aikin kansa, rubuta magani, sa hannu a takardar shaidar mutuwa da makamantansu. A Birtaniya hukumarsu GMC ta raba su ne a Nuwamba 2009, daga nan likita zai iya cewa ku bar sunana a kundi amma na ajiye lasisi, sai kuɗin da yake biya duk shekara ya ragu sosai. Abin da ake nufi kenan da rajista ba lasisi.

Ka kwatanta dattijo ya shekara talatin da wani abu yana asibiti, yau yana zaune a gida maƙwabciya ta shigo da yaro jiki zafi rau, ta ce "Likita don Allah rubuta mana wani abu". Ya san ciwon sarai, ya san maganin, biro ma na aljihun gaba, amma in ya ajiye lasisi wannan takardar ba ta da ƙarfin komai, kuma shi zai jawo wa kansa magana. Iyakacinsa ya ce ku hanzarta asibiti.

To me ya sa mutum zai ajiye da kansa? Wahalar riƙewa ce. Tun Disamba 2012 duk mai lasisi a Birtaniya sai an sake tantance shi, galibi duk shekara biyar, ga bitar aikinsa da ake yi kowace shekara, ga shaidar ƙaro ilimi, ga inshora saboda ko za a kai shi ƙara, wanda kuma ba ya ƙarƙashin wani asibiti haɗa waɗannan takardu kaɗai ya ishe shi ciwon kai.

Batun yafe kuɗi shi ne inda aka fi samun ruɗani. Da can GMC ba ta karɓar kuɗin shekara daga likitan da ya kai 65, amma a 2008 ta daina yafewa saboda dokar hana nuna bambanci ta fuskar shekaru. Ni dai abin ya ɗan ba ni mamaki, dokar da za ka ce tsofaffi za ta kare ita ta ƙwace musu rangwame. Yanzu abin da ake dubawa shi ne kuɗin da mutum yake samu a shekara, in bai kai wani adadi ba sai a rage masa rabin kuɗin da zai biya hukumar.

A Amurka kowace jiha da hukumarta. Kalifoniya tana da matsayin mai ritaya, an yafe maka kuɗin sabuntawa amma ba ka ba duba mara lafiya. Akwai kuma na mai aikin sa kai, shi ma an yafe, zai yi aiki amma da sharaɗin ba zai karɓi ko sisi ba, kuma karatun ƙaro ilimi na nan a kansa. Ostareliya ma tana da rajistar wanda ba ya aiki, kuɗinta kaɗan ne, ba rubuta magani ba tura mara lafiya wajen ƙwararre.

Ana iya dawowa kuwa? Ana iya, sai dai a cika fom a kawo shaida, in an daɗe a waje a ƙara wasu sharuɗɗa. A Maris 2020 da korona ta yi tsanani GMC ba ta ma jira a nema ba, ita da kanta ta mayar wa dubban likitocin da suka bari cikin shekara uku da suka wuce izinin wucin gadi, wanda ba ya so shi ne zai sanar da ita a cire sunansa.