Tiriftofan da Cututtukan Lalacewar Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: Mene ne tiriftofan, kuma daga ina jiki ke samunsa?

Amsa: Yana cikin sinadaran da ake gina furotin da su, kuma jiki ba ya iya haɗa shi da kansa, sai dai ya same shi daga abinci. Frederick Hopkins da Sydney Cole ne suka fara ware shi daga furotin na madara a Ingila a 1901. A nan Sakkwato muna samunsa a nono, ƙwai, kifi, nama, wake da gyaɗa. Masara kuwa kaɗan take ɗauke da shi.

Tambaya: Idan ya shiga jiki, ina yake zuwa?

Amsa: Kaso kaɗan ne ke zama sirotonin, mai tasiri kan yanayin zuciya, wanda daga gare shi ake samun melatonin mai daidaita barci. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda jiki ke narkarwa yana bin hanyar da ake kira kinurenin, mafi yawa a cikin hanta, kuma ƙarshenta jiki yana samun niyasin, wato bitamin B3.

Tambaya: Me ya haɗa wannan hanya da ƙwaƙwalwa?

Amsa: A nan ne maganar take. Kinurenin, wato sinadarin da tiriftofan ke komawa a wannan hanya, yana iya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, can kuma hanyar ta rabu biyu, kamar ruwan kwari a fadama da manomi ke karkatarwa zuwa wannan fage ko wancan. Reshe ɗaya yana samar da asid na kinurenik, wanda ke rage wa jijiyoyi yawan zaburarwa, ya kare su. Ɗayan kuma yana samar da asid na kwinolinik, wanda ke zaburar da jijiyoyi fiye da kima har su mutu idan ya yi yawa. A 1983 Robert Schwarcz da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa zuba shi a ƙwaƙwalwar ɓera yana kashe jijiyoyin wurin, daga baya kuma aka riƙa amfani da wannan dabara wajen nazarin cutar Hantinton, wata cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwa. Abin da ke karkatar da hanyar zuwa reshe mai cutarwa shi ne kumburi, domin idan garkuwar jiki ta tashi yaƙi takan kunna wani sinadari mai suna IDO, wanda ke hanzarta narkar da tiriftofan. An ga alamun wannan karkata a masu cutar Alzaima mai kawo mantuwa da ta Fakinsan mai kawo karkarwar jiki, an kuma sami yawan asid na kwinolinik a ruwan lakar ƙashin baya na yara masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da a ganina ya isa ya sa masu bincikenmu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ɗauki batun da muhimmanci.

Tambaya: To, an sami magani ke nan?

Amsa: Tukuna. A 2011 an buga binciken da ya nuna cewa toshe sinadarin KMO, wanda ke buɗe reshe mai cutarwa, ya rage lalacewar jijiyoyi a ɓeraye, amma abin da ya yi aiki ga ɓera ba lallai ne ya yi ga mutum ba. Masana kuma na ci gaba da tantance ko karkatar ce ke haddasa cutar, ko cutar ce ke haddasa ta.

Tambaya: Mahaifina ya fara yawan mantuwa. In saya masa ƙwayoyin tiriftofan?

Amsa: Ban ba ka wannan shawara ba. Matsalar ba yawan abin da ya shiga ciki ba ce, hanyar da yake bi ce. A 1989 gurɓatattun ƙwayoyin tiriftofan sun jikkata mutane fiye da 1,500 a Amurka, wasu suka rasu, kuma haɗa su da wasu magungunan ciwon damuwa yana da haɗari. Ka ci gaba da ba Baba fura da nono da wake, kada ka ɗauki mantuwar a matsayin gigin tsufa kawai, ka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, domin akwai abubuwan da ke kawo mantuwa waɗanda ake iya magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12.